Rana ta Farko da Clive Ya Manta

Clive bai gama cire rigar ruwansa ba Bev, mai mashayar, ta nuna masa na'urar tambayoyi da haɓa.

"Ka zauna, ka sha, ka yi hira. Amma ka taɓa waccan, ƙofa ce. Na gaji, Clive."

Bai yi musu ba. Mashayu huɗu na garin sun riga sun kore shi, wannan ce ta rage. Duk ranar da ya cinye tambayoyin ya kwashe kuɗin da ke cikin na'urar, sai ta yi mako biyu tana jefo wa mutane tambayoyin da ko limamin coci ba zai amsa ba, har ta mayar da asararta. A kansa ake huce haushin.

Ya ɗauki kofinsa ya koma kusa da taga. Ƙarfe biyu na rana, ruwa na ta tsiyaya. Shekara goma sha ɗaya ke nan, tun da aka rufe ma'aikatar gilashi, yake haddace abubuwa a cikin motar haya da bakin murhu. A gida ba wanda zai yi wa magana sai rediyo.

Gordon, tsohon abokin aikinsa, yana tsaye gaban na'urar yana zura fam ɗaya.

"Farfesa, wai me ake haddacewa ne? Ni jikata ta ba ni wani littafi kamar bulo."

"Ka tokare ƙofa da shi," in ji Clive. "Manyan birane. Waɗanda suka ci kofin ƙwallo, shekara bi shekara. Sarakuna da matansu. Koguna. Na'urar ba ta tambayar dalili, sai suna da shekara."

"To da kogunan za ka kwana?"

Aka yi dariya. Shi ma ya ɗan murmusa.

Yau sa'a ta bi Gordon. Tambaya takwas a jere, yana danna allo, har mutane suka taso suka kewaye shi. Saura ɗaya ya ci fam ashirin. Sai ta fito: a wace shekara aka buɗe Mashigin Suez? 1859, 1869, ko 1879.

"Farfesa! Don girman Allah, lokaci na tafiya!"

Amsar ta zo wa Clive tun kafin Gordon ya gama karantawa, kamar sunansa. Ya duba kanta. Bev ta daina goge kofi, tana kallonsa. Faɗin amsa da taɓa na'urar duk ɗaya ne a wurinta, ya sani.

"Wallahi ta ɓace mini," ya ce.

Gordon ya danna ta ƙarshe. Na'urar ta yi ƙarar faɗuwa.

"Kun ji? Ta ɓace masa!" Gordon ya juyo, dariya har da tari, ya manta da fam ashirin ɗin. "Ashe kai ma mutum ne! Bev, zuba wa tsoho ɗaya, ni zan biya."

Suka jawo kujeru zuwa teburinsa, mutum uku, har da wanda ya yi shekara bai gaishe shi ba. Kowa na ba shi labarin abin da shi ma ya fara mantawa: makulli, sunan suruka, inda ya ajiye mota.

Clive ya saurara, yana gyaɗa kai. Ya matsar da kujerarsa don wani ya samu wuri.