Sallamar Yayan Miji

A 2004 na dawo N'Djamena daga Lome, inda na koyi gyaran magana da haɗiya. Aikina na farko a unguwar Walia ne, gidan wani masunci, Lawal. Matarsa Hansai ta yi sati uku da shanyewar ɓarin jiki. Magana ta ɗauke, kuma ko kurɓin ruwa ta yi sai ta ƙware. Likita ya ce in Juma'a ta zo ba ta haɗiya, roba za a zura mata ta hanci.

Na tarar da 'yarta Zaliha ta ɗaga mata kai tana ɗura ruwa. Na hana.

"Ruwa gudu gare shi, huhu yake faɗawa. Dama kunu mai kauri."

"Wadda ruwa ya gagara, Malama, ita ce za ta sha kunu?"

"Dama dai."

Abu ɗaya nake so: Hansai ta sauke haɓa zuwa ƙirji kafin ta haɗiye, don hanyar iska ta rufe. Na faɗa da Hausa, na faɗa da Larabci, na gwada a kaina. Kallona kawai take, kunu na dalala. Kwana biyu haka.

Ranar Laraba da hantsi, yatsuna na kan maƙogwaronta, cokali ya shiga bakinta ke nan, aka yi sallama daga ƙofa. Alhaji Dawuda ne, yayan Lawal. Shekara talatin da biyar Hansai ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, balle ya gan ta da abinci a baki.

Kanta ya yi ƙasa. Maƙogwaron ya hau, ya sauka. Na kasa kunne. Ba tari, numfashi tas.

Cutar da ta share mata sunayen 'ya'yanta ba ta kai ga kunyar nan ba. Na daɗe ban ɗauke hannuna ba.

"Alhaji, kada ka shigo. Sake sallama."

"Ni da gidan ƙanena? An amsa fa!"

"Yaya, yi haƙuri," in ji Lawal, "yau kai ne maganin."

Zaliha ta cika cokali. Na ɗaga yatsa.

"Salamu alaikum!"

Kai ya sunkuya. Kunu ya wuce.

A sallama ta goma sha huɗu muryar Alhaji ta fara dishewa. Ya leƙo ta gefen labule, ya ga kwanon saura kaɗan, ya ja da baya da sauri.

"Zaliha, ƙaro mata. Ina nan tsaye."