Mai Yatsu Uku

Ƙauri ne ya sanar da gidan Malam Salmanu cewa sabon babi ya fito. Hayaƙi na tashi daga tukunyar shinkafa, Rauda kuwa tana zaune a kan turmi a ƙofar kicin, ludayi a hagu, waya a dama, baki buɗe.

"Rauda! Abincin ne ke ƙonewa ko gidan?" surukarta Hajiya Ishatu ta ƙwala mata kira daga ɗaki.

"Inna, ki yi haƙuri, an tsinci ɗayan takalmin!"

"A ina?" Inna ta fito da ɗankwali a hannu, ta ma manta da batun shinkafa.

Bahijja, autar gidan, ita ta sauke tukunyar. Ta duƙar da kai cikin hayaƙin don kada a ga dariyar da ke cin ta.

Littafin da ya hana matan Tudun Wada sakat sunansa Takalmi Ɗaya. Kullum bayan la'asar ake sakin babi guda a guruf na WhatsApp, da sunan wata marubuciya wai ita 'Yar Kubanni. Labarin wata yarinya ce da ta ɓace a hanyar Islamiyya, ba a samu komai nata ba sai takalmi ƙwaya ɗaya, da wata 'yar sanda, Saja Zinariya, da ta rantse sai ta gano ta. Babu wanda ya san cewa 'Yar Kubanni ita ce Bahijja, wadda ta gama kwaleji tana zaman jiran bautar ƙasa, tana rubutu da wata waya mai tsagaggen gilashi.

Bayan magariba aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka zuba shinkafar da ta tsira daga wuta, aka buɗe shari'ar littafi kamar kullum.

"Wallahi ban taɓa karanta irinsa ba," in ji Rauda. "Ba ya barin mutum ya numfasa. Kina cewa kin gano ɓarawon, sai ki tarar da gawarsa."

Mijinta Zulkiflu, yayan Bahijja, wanda ya wuni yana tuƙa keken haya mai ƙafa uku, ya tsame hannu daga kwano. "Shi ne aibinsa. Gudu ya yi yawa, kamar ɗan acaɓa ya hango masu kame. Wai Saja ta tashi daga Agoro ta isa Kwangila kafin mutum ya gama shan shayi, ranar Litinin da safe! Duk wadda ta rubuta wannan ba ta taɓa shiga cunkoson PZ ba."

"Ni ba wannan ne ya dame ni ba," in ji Inna, wadda Rauda ke karanta wa saboda idonta. "Baiwar Allahn nan Saja, tun da aka fara ban ji ta ci abinci ba. Ba ta da uwa ne? Kuma mace har ta kai haka babu ko mai cewa yana so? A sa mata ɗan aure mana, ko za ta zauna wuri ɗaya."

Malam Salmanu, tsohon malamin firamare, yana gefe a kujerarsa da rediyo a cinya. Ya yi gyaran murya. "Duk ɓata lokaci ne. Rubutun da ba a bambanta ƙafa da kafa, ba waƙafi ba aya." Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma duk mai hankali ya san direban Alhajin nan ne ya sace ta."

Dariya ta ɓarke a tsakar gidan.

"Malam, ashe kai ma?" Inna ta riƙe haɓa.

"Dubawa na yi, don in san abin da ke shigo mini gida."

Bahijja ta yi dariya har da ƙwalla. A guruf ma haka abin yake. Wasu na sa mata albarka, wasu na cewa mutanen littafin ba su da rai, gudu kawai suka iya. Wata ta yi rantsuwar ta daina karantawa, washegari ita ce ta fara tambayar ina babin yau. Duk Bahijja na jin daɗinsu, masu yabon da masu kushen.

* * *

A babi na tsakiya Bahijja ta shigo da wani mutum da kowa zai zarga. Ba ta wahalar da kanta wajen ƙirƙirarsa ba, ta leƙa ƙarshen layinsu kawai ta ɗauko Malam Kailani mai injin niƙa.

Tun tana 'yar mitsitsiya take kai masa markaɗe. Dogo ne siriri, gira da gemu kullum fari fat da gari, hannunsa na dama yatsu uku ne. Daga wajen Soba ya zo, matarsa ta rasu tuntuni, yana kwana shi kaɗai a ɗakin da ke bayan shagon. Ba ya rabuwa da alewa a aljihu saboda yaran da ake aikowa. Duk wannan Bahijja ta zuba a littafi, suna kawai ta sauya. A ranta girmama shi ta yi, domin ta riga ta tsara cewa a babin ƙarshe mai yatsu ukun ne zai ceto yarinyar, masu karatu su ji kunyar zarginsa.

Babin ya yi farin jini. Rauda ta ce tsigar jikinta sai da ta tashi. Zulkiflu ma ya yarda cewa wannan karon an samu mutum mai kama da mutane.

Ba a yi mako ba Inna ta kira Bahijja ɗaki, fuskarta a tsorace. "Zo ki ji abin da aka turo a guruf ɗin 'yan Islamiyyarmu."

Muryar wata mata ce, tana magana kamar za ta yi kuka. "Hattara iyaye mazauna Tudun Wada. Akwai wani mai niƙa mai yatsu uku, yana yaudarar yara da alewa. Don girman Allah a yaɗa." Daga nan ta karanto jimlolin Bahijja ɗaya bayan ɗaya, ba sunan littafi, ba sunan marubuciya.

"Inna, ai wannan daga Takalmi Ɗaya ne! Ke ma an karanta miki."

"Na sani. To amma ita marubuciyar a ina ta samo? Ruwa ba ya tsami banza, 'yar nan."

Bahijja ta ɗauko wayarta. Nan take ta rubuta a guruf cewa labarin ƙirƙira ne, babu wani mutum na gaske a ciki. Aka yi mata ca. Wasu suka ce sun gane, wasu suka ce tsoro aka ba ta, shi ya sa take janyewa. Muryar kuwa ta riga ta yi nisa, ta kai Hanwa, ta kai Dutsen Abba, ta dawo Tudun Wada da ƙarin cewa an ga ƙasusuwa a bayan shagon.

Ta so ta fito ta faɗi ko ita wace ce, tsoron Baba ya hana ta. Ta ce bari ta gaggauta babin ƙarshe, shi zai wanke komai.

Da ta kai markaɗen wake ranar Alhamis, ta tarar da bencin da yara ke layi a kai babu kowa. Malam Kailani ya tashi da fara'arsa ya karɓi bokitin.

"Bahijjatu, ke kaɗai kika tuna da ni. Wai mutanen Tudun Wada sun daina cin tuwo ne? Ko azumi aka fara ba a gaya mini ba?"

Ya yi dariya. Shi ba shi da babbar waya, bai ji komai ba. Ta buɗe baki, ƙarar injin ta rufe ta, ita ma ta bar ƙarar ta rufe ta.

* * *

Ranar Asabar da hantsi ihu ya tashi a layin. Adnan, ɗan maƙwabtansu mai shekara huɗu, ya ɓace. Uwarsa ta fito ba mayafi tana kiran sunansa. Ba wanda ya ce a duba gidajen maƙwabta. Ƙafafu kawai suka nufi ƙarshen layi, kamar an daɗe da shirya hakan.

Kafin Bahijja ta isa, mutane sun cika ƙofar shagon, wasu da sanduna, da yawa da wayoyi a sama suna ɗauka. Zulkiflu ya riga ya gitta kekensa a bakin ƙofa, Malam Salmanu na tsaye a gaba yana ta ɗaga hannu, muryarsa ba ta fita cikin hayaniyar. A bayansu Malam Kailani ne, jini na bin farin garin da ke goshinsa inda dutse ya same shi, yana kallon fuskokin ɗaya bayan ɗaya.

Bahijja ba ta san lokacin da ta taka kan keken ba.

"Ni ce 'Yar Kubanni!" ta faɗa da iyakar muryarta. "Ni na rubuta! Muryar da kuka ji daga littafina aka yanko ta. Ga wayata, ga babin, ga ranar da na sake shi. Malam Kailani bai yi komai ba, kamanninsa kawai na ara!"

Hayaniyar ta lafa. Malam Salmanu ya waiwayo ya dubi 'yarsa baki sake. Can daga baya wata mata ta ɗaga murya, da gaske take kuma: "To idan ke ce, wa ya sace yarinyar?"

Wasu suka fashe da dariya, sandunan suka fara sauka. Ana cikin haka sai ga kakar Adnan tafe da shi a kafaɗa, yana murza ido. A ƙarƙashin gadonta ta same shi, ya yi barci da kyanwa a hannu.

Taron ya watse da sauri, kowa na duban ƙasa. Wani na cewa ai gara da aka yi hattara, wani na cewa shi dama raba faɗa ya zo.

Bahijja ta durƙusa a gaban tsohon tana kuka. Ya sa hannu ya goge goshinsa, sannan ya tsaya yana duban hannun.

"Injin nan ne ya cinye su," ya ce a hankali. "Ana jibi azumi, ina niƙa wa mutanen layin nan geron kunu. Wasu daga cikin waɗanda suka zo yau su suka ɗauke ni zuwa asibiti." Ya dube ta. "Tashi, 'yata. Ke labari kika rubuta. Su da suka san ni fa?"

* * *

A gida Bahijja ta zauna jiran hukunci. Malam Salmanu ya dube ta ya ce, "Mutum ba riga ba ne da za ki ara ba ki tambayi mai shi ba. Kin ji?"

"Na ji, Baba."

"Kuma daga yau duk babin da za ki saki, ki kawo in sa masa waƙafi." Ya gyara zama. "Direban ne ko?"

"Ba shi ba ne, Baba."

"To an yi kuskure."

Inna ta yi dariya tana share ido da bakin zane. Ita ce ta fi kowa jin nauyi, domin ta tura muryar nan gidaje da dama. Da kanta ta yi wa Malam Kailani dambu ta aika masa. Rauda kuwa ta wuni tana bin Bahijja da kallo kamar baƙuwa, tana cewa, "Ashe da ke nake kwana gida ɗaya kina gasa mini aya a hannu!"

Babin ƙarshe ya fita ranar Talata. Mai yatsu uku ya fasa ƙofa ya fito da yarinyar a kafaɗarsa, ɓarawon kuwa ashe kawunta ne. Guruf ya kama da wuta. Wasu suka ce sun yi kuka. Wasu suka ce an yi musu sauri, ƙarshen bai dahu ba. Da yawa suka ce an cuce su, wai mai yatsu ukun ne ya fi dacewa da laifin, ga shi ma da kama da masu yi. Babu wanda ya yanki wannan babin ya karanta shi da muryar kuka, babu wanda ya roƙa a yaɗa.

Washegari da safe Bahijja ta jiƙa wake, ta ɗauki bokiti da waya. So take ta karanta wa Malam Kailani babin da bakinta, ya ji yadda ya zama gwarzo.

Ta tarar da ƙofar shagon a buɗe. Mai shayin da ke kusa ya ce bayan sallar asuba wata a-kori-kura ta zo ta kwashe injin da katifar Malam Kailani. Wai tsohon ya ce a gaida kowa, ya koma gida wajen 'yan'uwansa.

Ta shiga ta tsaya a tsakiyar ɗakin, bokitin na ɗigar ruwa a gefen zanenta. Inda injin ya zauna sai ƙusoshi huɗu da suka fito daga siminti, garin shekaru ya kewaye su. Wata kaza ta shigo da 'ya'yanta, suka hau tsattsagar abin da ya rage.