Ƙofa ta Tara

Inusa na durƙushe bayan akwatin ƙarfe, yana bin siraran wayoyin da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Fitilun suwic ɗin, na'urar da ke haɗa kwamfutoci, duka kore ne, babu wayar da ta fita. To me ya hana kwamfutocin ofis ganin rumbun ajiyar bayanai?

A rumbun nan ne bayanan gonakin tattasai na bakin kogin Komadugu suke, kowa da iyakarsa da ranar da zai ja ruwa. Tun safe manoma ke zaune a inuwar dogonyaro suna jiran takardunsu. Shi kuma a makon nan ne za a faɗi wanda ofishin noman rani zai riƙe dindindin a ɗakin na'urori, tsakaninsa da abokin aikinsa Grema. Mutum guda ake so.

Shi ya tsara suwic ɗin da hannunsa bara. Ƙofofin cusa waya goma sha shida ne a jikinsa, ya raba su gida-gida: ta biyu da ta uku, na kwamfutocin ofis, su yi magana da ta tara, inda rumbun yake, sauran kowa ya tsaya a zaurensa. Ya zauna ya buɗe tsarin, sai ya tarar da shi wayam. An share rabon gaba ɗaya, har an adana sharewar don kada kashe wuta ya dawo da shi. Wannan ba kuskuren yatsa ba ne.

Ya duba tarihin da na'urar ke rubutawa. Jiya Talata, ƙarfe biyar da rabi na yamma, dab da tashi. Sunan wanda ya shiga: inusa.

Jiya kuwa yana Bosso wajen jana'izar kawunsa. Bai tsaya neman izini ba, don Grema ya ce ya tafi kawai, zai sa masa hannu a rajistar zuwa aiki kamar yadda kowa ke yi wa kowa. A bakin tasha Inusa ya raɗa masa kalmar sirrinsa ta shiga na'urar, ko da wani abu zai taso. Grema ɗin da ya zo Diffa bai san gaban waya da bayanta ba, wanda ya shekara yana cin tuwon Dije, matar Inusa, a kwano ɗaya da shi. Zuciyar Inusa ta yi baƙi ƙirin. Abin da ya fi ƙona masa rai, shi ya koya masa umarnin da ake sharewa da shi, har yana ja masa kunne a kai.

Ya ciro littafinsa na aljihu ya sake gina rabon, ƙofa bayan ƙofa. Kafin azahar rumbu ya bayyana, manoma suka fara karɓar takardu.

Madam Haoua, daraktar da aka turo daga Yamai, ta kira Inusa da Grema ofishinta. Rajista na buɗe a gabanta, ga kuma tarihin na'urar da wani ya riga ya buga mata a takarda. Ta ce wa Inusa ta ga sa hannunsa jiya, ta ga sunansa a na'ura, ba ta son dogon zance. Grema na tsaye yana kallon fanka.

Inusa ya auna. In ya ce yana Bosso, rajista ta zama ƙarya, aikinsa ya tafi ke nan. In ya yi shiru, laifin nasa ne. Gaba kura, baya siyaki.

"Yaya Inusa, a yi haƙuri," in ji Grema a hankali. "Kowa na kuskure."

Madam ta ce Grema ne zai riƙe ɗakin daga yau. Ta turo wa Inusa takarda da biro, ta ce ya rubuta kalmar sirrin ya miƙa masa.

Inusa ya dubi takardar, ya mayar mata da ita fara. Ya ajiye makullin ɗakin a kan rajista, daidai kan sa hannun da Grema ya yi masa jiya.

"Ba sai na rubuta ba, Madam. Ya san ta."

Ya fita. Bai juya ba, amma ya ji ta jawo rajistar kusa da ita.