Motar Litinin da Alhamis

Malam Fannami ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet ɗin motar, ya ji ɗumi. Ƙarfe bakwai na safe bai cika ba, rana ma ba ta leƙo wannan ɓangaren filin sayar da motocin ba, amma ƙarfen ɗumi gare shi kamar goshin mai zazzaɓi.

Ya waiwayi Zarami, makanikin da ya ɗauko tun daga garinsu Kirikasamma don ya duba masa. Zarami ya taɓa shi ma, ya girgiza kai.

"An riga mu tayar da ita, Malam. Na ce maka injin dizal da sanyinsa ake gane shi. Idan ya yi zafi, ko mai ciwo sai ya yi maka muryar lafiyayye."

Shu'ibu dillali ya taho yana goge hannu da tsumma. Ya ce shi ya matsar da ita da asuba don a share wurin, ba wani abu ba. Ya faɗa cikin natsuwa, idonsa cikin na Fannami. Fannami ya yi shekara talatin yana koyar da 'yan firamare, yana ganin ya iya karanta fuskar mai ƙarya, amma a fuskar Shu'ibu bai karanta komai ba.

Motoci biyu ne a gabansa, dukansu masu kujera bakwai. Shuɗiyar mai dizal ce, 'yar Kwatano, ba ta daɗe da shigowa ƙasar ba. Farar mai fetur ce, ta wuce ta hannun mutum biyu ko uku a nan gida. Fannami bai taɓa mallakar abin da ya wuce babur ba. Wata biyar ke nan da likita ya ce ƙodar matarsa Yakaka ta gaza, sai an riƙa yi mata wankin ƙoda a asibitin Haɗeja duk Litinin da Alhamis. A motar haya suke zuwa, su jira ta cika, a cusa Yakaka tsakanin buhunan busasshen kifi. Sau biyu suna makara. A na biyun an riga an ɗora wani a kan na'urar wankin, suka koma gida ba a yi ba, ta kwana uku a zaune don numfashi ba ya barin ta kwanciya. Bayan nan ne ya sayar da gonarsa ta fadama da injin ban-ruwan da ke cikinta. Ba shi da wata gonar da zai sake sayarwa.

Ƙanen Yakaka, Usman, direban babbar mota ne, yana kai tattasai kudu. Shi ne ya fara sa masa dizal a rai. Fannami ya sake kiransa, ya sa wayar a amsa-kuwwa.

"Yaya, kar ka tsaya dogon tunani," in ji Usman, ƙarar hanya na cinye rabin maganarsa. "Dizal ba ya mutuwa. Tawa ta girmi 'yarka Jannat, har yau ba a buɗe injinta ba. Ga ƙarfi a taɓo, ga shi ba ya shan mai. Damina na tafe, ka san hanyarku."

Zarami ya jira aka kashe wayar. "Gaskiya ya faɗa, amma a kan tasa motar. Irin tasa ko gurɓataccen mai ka zuba mata za ta haɗiye. Wannan kuwa, kwamfuta ce ke ba ta mai. Ta sha mai da ruwa sau ɗaya, nozul mai fesa wa injin mai ya tafi. Kuma duk garin nan ban san wanda zai taɓa ta ba, sai an ja ta Kano."

"To mu ɗauki farar."

Zarami ya shige ƙarƙashin farar, ya daɗe. Da ya fito, sai ya nuna masa tsatsa a yatsunsa. Ya ce ta yi haya, an ɗora mata kaya fiye da kima, giyarta kuma tana zamewa. Gyaranta da sauƙi, ko a gindin bishiya za a yi, amma za a riƙa yin sa.

"Wato ɗaya ba ta cika lalacewa ba, amma in ta lalace ba mai gyara ta," in ji Fannami a hankali. "Ɗayar kowa na iya gyara ta, amma kullum cikin lalacewa take."

"Haka ne."

"To wacce zan saya?"

"Da ni ne, Malam, da na jira wata ta zo."

Ranar Litinin ce. Tun da sassafe Fannami ya raka Yakaka da Jannat asibiti, yanzu haka jininta na zagayawa a cikin robar na'urar.

Suka fita gwaji da shuɗiyar ta hanyar Malam Madori, Zarami na tuƙi, Shu'ibu a baya. Motar ta tafi sumul, injin na gurnani ƙasa-ƙasa. Fannami ya fara jin ƙirjinsa na sakewa. Suna cikin juyowa sai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari. Kafin ya gama nuna ta da yatsa ta mutu.

"Waya ce ta saki," in ji Shu'ibu.

"Wataƙila," in ji Zarami.

"In ba waya ba ce fa?" in ji Fannami.

"To wani abu ne."

Zarami ya tsaya a gefen hanya, ya taka totur yana leƙen salansa. Hayaƙi ya fito kaɗan. Shi ya ce shuɗi-shuɗi ne, alamar ciwon inji, Shu'ibu ya ce baƙi ne, kuma baƙin ba laifi. Fannami ya tsuguna ya duba da kyau. Shi dai hayaƙi ya gani.

Azahar ta kusa, lokacin fitowar Yakaka ya yi, ba su yanke komai ba. Shu'ibu ya ce su je da motar su ɗauko ta, ai ita ma gwaji ne. Ta fito Jannat na riƙe da ita, fuskarta ta yi fari, leɓɓanta sun bushe. Aka zuge ƙofar gefe, ta shiga ba tare da ta sunkuya sosai ba. Jannat ta taɓa wani abu a gefen kujerar tsakiya, kujerar ta kwanta. Yakaka ta miƙe a kai, ta lumshe ido.

Fannami ya zauna a bakin ƙofar ya shiga yi mata bayani: maganar Usman, maganar Zarami, nozul, tsatsa, fitilar da ta kama ta mutu. Yana faɗa yana jin kansa na ƙara ɗaurewa.

"Malam," ta ce, ba ta buɗe ido ba. "Na'urar da ke wanke mini jini, ka san yadda take aiki?"

"Ban sani ba."

"Ni ma haka. Kwanciya kawai nake yi. Ɗayar motar, kujerarta na kwanciya?"

Ya dubi Zarami. Zarami ya ce an sauya kujerun farar da na ƙarfe tun tana haya.

Kafin la'asar aka rubuta takardar cinikin shuɗiyar.

Ranar Alhamis, bayan sallar asuba, Fannami ya murɗa makulli rabi, ya jira kamar yadda Zarami ya koya masa, sannan ya ƙarasa. Injin ya yi tari sau ɗaya, ya kama. Tuƙin da ya sani bai wuce na kwana goma ba, a tsohuwar motar wani abokinsa, don haka ya riƙe sitiyarin da hannu biyu, bai wuce giya uku ba. Ruwan farko ya sauka cikin makon, gonakin shinkafa na sheƙi hagu da dama, masunta na miƙa fatsa a bakin kududdufai. Bai ga ko ɗaya ba. Kunnensa na kan injin. Wajen rabin hanya ya ji wani ƙas-ƙas.

"Kun ji wannan?"

Jannat ta ce kwanon abincin ne ke bugun ƙofa. Yakaka barci take.

Suka iso asibiti ba a ma gama sharar baranda ba. Yakaka ce ta farko a layi. Jannat ta shiga da ita, Fannami ya gyara tsayuwar motar a gindin darbejiya, ya kai hannu ga makulli, sai ya tsaya. Ta tashi ɗazu, wannan ya gani. Ko za ta sake tashi da azahar, lokacin da Yakaka za ta fito ba ƙarfin tsayuwa, wannan ba wanda ya iya gaya masa. Ya janye hannunsa. Ya zauna yana sauraron gurnanin, yana kallon allurar mai.

Wajen ƙarfe tara maigadi, wani dattijo mai sanda, ya ƙwanƙwasa gilashi.

"Malam, lafiya? Hayaƙinka na shiga ɗakin marasa lafiya."

"Wane launi ne?"

Dattijon ya dube shi, ya zagaya bayan motar ya leƙa, ya dawo.

"Launin hayaƙi. Don Allah ka kashe."

Fannami ya yi bisimilla ya murɗa makullin. Motar ta girgiza ta yi shiru. Ya fito ya shimfiɗa darduma a inuwa, ya zauna yana fuskantar ta. Saura awa uku.