Kogon Da Baba Ya Hana Ni Zuwa

Muna yara a Duvu, kusa da Mubi, kullum sai Baba ya zane ni saboda wasan ɓuya a kan dutse. "Selina, wasa ne zai koya miki karatu?" Ni ko a jikina. Ni da ƙawata Roda mun san kowane kogo, har wanda ruwa ke ɗiga a ciki.

A 2014, ranar da 'yan bindiga suka shiga Mubi, ni na ja mutum goma sha ɗaya zuwa wannan kogon, ina goye da ɗana. Baba na baya yana haki.

Da ya zauna, sai ya hango tsakuwoyin carafkenmu a lungu, inda muka bar su shekara ashirin da suka wuce. Ya ɗauki ɗaya, ya daɗe yana jujjuya ta.

"Selina," in ji shi, "zo ki koya min."