Rabon Auta

Tun da ciwon mantuwa ya kama Umma, babu abin da Auta ba ta gwada ba. Ta nuna mata hotuna, ta zauna gabanta tana maimaita sunanta kamar mai koya wa yaro magana. A banza. Umma sai ta dube ta da fara'ar da ake yi wa baƙo, ta ce, "Sannu da aiki, baiwar Allah." A ganin Umma, Auta 'yar aiki ce. Ita da ta ajiye aikinta ta dawo gidan nan, ita ke yi mata wanka, ita ke canja zanin gado. Abin yana ci mata rai ba kaɗan ba.

Yayanta, wanda taimakonsa daga waya sai waya, shi ne sarkin shawara. "Ki yi mata biskit ɗin cittan nan nata mana. An ce ƙamshi yana tayar da tunani." An ce wai. Shi dai bakinsa ba ya ciwo.

Ta dai yi, don ba ta da sauran dabara. Ta buga bota da sukari har suka yi fari, ta fasa ƙwai, ta zuba zuma, sannan fulawa da garin citta da kirfa da ɗan kanumfari. Ta mulmula kwaɓin ƙanana, ta birgima su cikin sukari, ta jera a tire ta tura tanderu. Ba ta sa rai da komai ba.

Sai ga ƙarar sanda a bakin kicin. Umma ce, tana shinshina iska.

"Cire su."

"Ba su gasu ba, Umma. Tsakiyar ɗanye ce."

"Ke dai cire. In kika jira suka yi kyau a ido, sun zama dutse."

Auta ta ciro. Umma ta jingine sandar, ta karɓi tsumma, ta ɗaga tiren ta buga shi a kan tebur, bam. Biskit ɗin suka kwanta, bayansu ya tsattsage. Haka take yi tun Auta tana leƙen teburin nan a kan yatsun ƙafa. Auta ta matso har kafaɗarta tana taɓa ta uwarta.

Umma ta gutsiri ɗaya, ta tauna da dasashi, ta gyaɗa kai. "Da laushi. Wa ya koya miki?"

"Ke ce, Umma. Ni ce fa."

Umma ta yi dariya. "'Yan matan yanzu da daɗin baki."

Sannan ta shiga tsince na gefen tire, waɗanda suka ɗan fi ja, tana ƙullewa a hankici.

"Wannan rabon Autata ne. Na gefe take so." Fuskarta ta canja. "Ta daina zuwa ganina. Ban san me na yi mata ba. In kin san inda take, ki kai mata da ɗuminsu. Ki ce mata ko mene ne, ta yi haƙuri."

Auta ta karɓa da hannu biyu. Ƙullin yana ƙona mata tafi.

"Zan kai mata," ta ce.

Ta juya wajen wanke-wanke, ta buɗe famfo da ƙarfi don kada Umma ta ji kukanta.