Lambar Kakan Glenys Radcott

Shekara talatin ina duba tsofaffin lambobin yabo da kwabbai a shagona na Launceston da ke tsibirin Tasmania, ban taɓa gamuwa da mai taurin kai irin Glenys Radcott ba. Tsohuwa ce mai tumaki dubu huɗu, kuma ita ke shugabantar ƙungiyar jikokin waɗanda suka zo Tasmania da ƙafarsu, ba cikin sarƙa irin fursunonin da Ingila ta riƙa turowa a da ba. Kujerar nan ita ce ranta.

Ta shigo ta dire mini wani faifan tagulla a kan tebur.

"Desmond, rubuta min takarda. Lambar yabo ce gwamna ya ba kakan kakana Josiah. Matan ƙungiya sun fara tsegumi, hujja suke nema."

Kallo ɗaya na yi masa na gane ko mene ne. Tsohon kwabon Ingila ne aka goge fuskarsa, aka zana rubutu da bakin ƙusa. Fursunoni ke yin irinsa kafin a loda su a jirgin ruwa zuwa nan, su bar wa iyali.

"Mama, gwamna bai taɓa ganin abin nan ba. Ga sunan Josiah, ga hukuncinsa, shekara goma sha huɗu. Matarsa ya bar wa, ita ta biyo shi da shi daga baya."

"Kai, rufe min baki! Da wandon makaranta na san ka."

"Wallahi gidan tarihi zai saye shi da tsada. Yanzu fa har taƙama ake da kaka fursuna."

"Talakawa ke taƙamar," ta ce, ta suri kayanta ta fice.

Haushi ya hana ni sakat, na je na tono sunan mutumin a kundin fursunoni, don dai in tabbatar ban yi wa tsohuwa ƙarya ba.

Bayan mako guda sai ga ta, fuska wasai. Ta sake dire faifan, yana ƙyalli kamar gindin sabuwar tukunya. Ashe dutsen wasa almakashin askin tumaki ta sa masa. So ta yi ta cire hukuncin kaɗai, hannun tsufa ya kwashe har da sunan. Raina ya ɓaci ƙwarai.

"To malam masani, yanzu mene ne wannan?"

"Yanzu kam tagulla ce. Ko ni ba zan iya cewa komai a kanta ba."

"Madalla. Haka za ka rubuta."

Na rubuta cewa tsohuwar tagulla ce da ba a san asalinta ba, na sa hannu. Kujerarta ta tsira, tunda ba mai iya ƙaryata ta. Ta ninke takardar ta nufi ƙofa, sai ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Na san halinka da bin diddigi. Me ya sata?"

"Tunkiya."

"Guda nawa?"

"Ɗaya."

"Ɗaya tak?"

Ta ciro faifan daga jaka, ta matsa jikin taga inda haske yake. Ta daɗe tana shafa shi da babban yatsa, tana juya shi.

"Desmond, ta wane gefe ya rubuta sunan nasa?"